Amsa-amo ya daidaita, me ya sa waƙar ke tuntuɓe?

Tambaya: Malam, ni ɗaliba ce a Jami'ar André Salifou da ke Zinder. Na rubuta waƙa 'yar ƙwar biyar, kowane baiti ya ƙare da "ri", ɗangogin, wato layukan baitin, kuma tsawonsu ɗaya a takarda, amma da na zo rerawa sai ta ƙi tafiya. Ina matsalar take?

Amsa: Malama, matsalar tana ga kari, wato ma'aunin sautin da waƙa ke hawa. Abin da kika kiyaye shi ne babban amsa-amo, wato gaɓar da ke rufe kowane baiti, kuma a ƙwar biyar an saba ɗangogi huɗun farko su yi nasu ƙaramin amsa-amon, wanda ke sauyawa daga baiti zuwa baiti. Wannan ido ma yana iya gano shi.

Kari kuwa da kunne ake auna shi, domin ya dogara ne ga nauyin gaɓa. Gaɓar Hausa ko dai mai sauƙi ce, baƙi da gajeren wasali, ko mai nauyi, wadda ke da dogon wasali ko ta ƙare da baƙi. Rubutun boko ba ya nuna tsawon wasali, shi ya sa yake yaudarar mai ƙirga haruffa: garin da ake zama cikinsa ya fara da gaɓa mai sauƙi, garin tuwo kuwa da mai nauyi, alhali rubutunsu ɗaya.

Marubuta waƙoƙinmu sun ari ma'aunan kari daga arulin Larabci, wato ilimin auna waƙa wanda Halilu ɗan Ahmad na Basra ya tsara a ƙarni na 8. Ma'aunan arulin guda 16 ne, sai dai waɗanda suka fi yawa a Hausa ba su wuce irin su Kamil da Mutadarak da Rajaz da Mutaƙarab ba. Kowane ma'auni yana da ƙafarsa, wato rukunin gaɓoɓin da ake jerawa a ɗango. Ƙafar Mutadarak ita ce fa'ilun, mai nauyi, mai sauƙi, mai nauyi, kamar "malami". Ta Mutaƙarab fa'ulun ce, mai sauƙi, mai nauyi, mai nauyi, kamar "tunani". A Kamil an yarda gaɓoɓi biyu masu sauƙi na farkon ƙafa su koma ɗaya mai nauyi, saboda haka ɗangogi biyu suna iya bambanta a yawan gaɓoɓi su kuma hau kari ɗaya. A ganina nan ne ɗalibai suka fi ruɗewa.

Ki ɗauki ɗangon da ya fi yi miki daɗin rerawa, ki yanka shi gaɓa-gaɓa da baki, ki sa wa kowace alamarta, sannan ki gwada sauran a kansa. Gaɓar ƙarshen ɗango kada ta dame ki, ana ƙirga ta a matsayin mai nauyi ko da wasalinta gajere ne.