Ofsted ta kayar da sashen kula da yara na ƙaramar hukumarmu, me zai biyo baya?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina zaune a Ingila, ina riƙon ɗan ƙanwata mai shekara 9 da sanin ƙaramar hukumarmu, su suka damƙa min shi a hukumance. Cikin shekara guda ma'aikatan jin daɗin yara uku suka zo gidana, kowa ya zo sai na sake ba shi labari tun daga farko. Yanzu kuma an ce Ofsted, ofishin gwamnati mai binciken makarantu da ayyukan kula da yara, ta yi bincike ta ce sashen ya gaza, wai za a yi gyara. Gyaran gaske ne ko na takarda? Kuma zai taɓa zaman yaron a wurina?

Amsa: Wa alaikumus salam, 'yar'uwa. Ki kwantar da hankalinki tukuna. Hukumar aka auna, ba gidanki ba, kuma faɗuwarta ba dalili ba ne na ɗauke yaro daga inda yake zaune lafiya.

A tsarin binciken da Ofsted ta fara aiki da shi a 2018, maki huɗu ne: fitacce, mai kyau, mai buƙatar gyara, sai na ƙasa wato gazawa. Masu binciken ba a ofishin darakta suke yini ba. Sukan zaɓi fayilolin yara, su zauna da ma'aikacin da ke riƙe da kowane fayil, su tambaye shi yaushe ya ga yaron nan shi kaɗai, me yaron ya ce, wa ya duba aikin bayansa. A nan asiri yake tonuwa.

Da zarar rahoto ya fita, doka ta ba hukumar kwanakin aiki 70 ta rubuta abin da za ta yi. Ofsted kuma takan riƙa dawowa ziyarar sa ido bayan 'yan watanni, kowace ziyara da ɓangaren da take dubawa, ta rubuta wasiƙa a kan abin da ta gani, kafin a sake babban bincike. Ma'aikatar Ilimi ma tana sa hannu. Tana iya ba da takardar gargaɗi, ta turo mai ba da shawara, ko ta naɗa kwamishina ya duba ko hukumar ta cancanci ci gaba da riƙe aikin. In ya ga ba ta cancanta ba, sai a cire sashen a miƙa wa wata cibiya ta daban. Ƙaramar hukumar Doncaster aka fara yi wa haka a 2014, Birmingham a 2018, Bradford a 2023.

Wannan batun karɓe aiki shi ne jaridu suka fi so, amma a ganina ba girin-girin ba, ta yi mai. Sunderland ta faɗi a 2015, aka kafa mata cibiya a 2017, ta kai matakin fitacce a 2021. Leeds kuwa ba a karɓe mata komai ba, da hannunta ta tashi daga ƙasa zuwa mai kyau a 2015, sannan fitacce a 2018. Doncaster ma an mayar wa hukumar aikinta a 2022. Sauya allon suna a bakin ƙofa ba ya ƙara wa yaro ziyara ko ɗaya.

Abin da ke gyara sashe shi ne ainihin abin da kike kuka da shi. Sashen da ya faɗi yakan shiga wani irin zagaye: suna ya ɓaci, ƙwararrun ma'aikata su tattara su koma hukumar maƙwabta, a cike gurbinsu da 'yan haya daga kamfanoni waɗanda kuɗinsu ya fi tsada kuma suna iya tafiya da ɗan gajeren sanarwa. Waɗanda suka rage sai fayiloli su yi musu yawa. Mutumin da ke riƙe da yara talatin ba zai zauna a ƙasa ya yi wasa da ɗan shekara 9 har yaron ya saki jiki ya faɗi abin da ke ransa ba. Zai leƙo, ya duba ɗaki, ya cike takarda, ya wuce. Daɗin daɗawa, a watannin farko bayan faɗuwa aiki ƙaruwa yake yi, domin tsoro kan sa a sake buɗe tsofaffin fayiloli, makarantu da asibitoci kuma su riƙa turo duk abin da suka yi shakka a kansa. Don haka kada ki yi mamaki in abin ya ƙara dagulewa kafin ya daidaita. Shekaru yake ɗauka, kin ga na Sunderland shida.

Leeds ta yi wani abu da ba zai zama baƙo gare mu ba. Ta ba da ƙarfi ga taron dangi: kafin hukuma ta yanke shawara a kan yaro, a tara kakanni da kawunai da gwaggonni, ma'aikata su faɗi abin da ke damunsu, su fita su bar dangi su tsara mafita da kansu. In ba a taɓa yi muku irin wannan zaman ba, ki tambaya ko hukumarku na yi.

Ga yadda za ki gane gyaran daga falonki. Yaron da ke ƙarƙashin kulawar hukuma, a shekararsa ta farko a gida, dole ma'aikacinsa ya zo aƙalla kowane mako 6. Akwai kuma zaman bitar halin da yake ciki, na farko cikin kwanakin aiki 20, na biyu bayan wata 3, daga nan kowane wata 6, kuma jami'in bita mai zaman kansa ne ke jagoranta. Ki riƙe lambar wannan jami'in, domin sau da yawa ya fi ma'aikatan daɗewa a kan fayil ɗaya. Ki sami littafi ki riƙa rubuta ranar kowace ziyara, wanda ya zo, da alƙawarin da ya yi. In sabon ma'aikaci ya zo yana tambayar abin da ke rubuce a fayil, ki gaya masa cikin ladabi ya je ya karanta, kada a sa yaron maimaita labarin rabuwarsa da uwarsa a karo na huɗu.

In an ƙi sauraronki, koken da ya shafi kula da yara yana da matakai uku a cikin hukumar, bayansu akwai ofishin sauraren ƙorafi kan ƙananan hukumomi. Ƙungiyar Family Rights Group ma tana ba dangi masu riƙo shawara kyauta. Wasiƙun ziyarar sa ido da aka wallafa kuwa suna shafin Ofsted na intanet a ƙarƙashin sunan hukumarku. Ki tsallake yabon shugabanni da ke farkon wasiƙa, ki nemi inda aka yi maganar yawan fayilolin kowane ma'aikaci da yawan 'yan haya, sannan ki gwada da wasiƙar da ta gabace ta.