Tambayoyin Masu Karatu: Yadda Zan Haɗa wa Yara Abincin Tara Ba Leda, Ba Cutarwa

TAMBAYA: Assalamu alaikum Anti. Ina da yara uku a firamare, kuma kullum da asuba nake dafa musu abin da za su ci lokacin tara. Galibi nakan zuba taliya ko dafa-duka da zafinta a farar robar tekawe, in ƙulle ƙosai ko awara a baƙar leda, in haɗa musu da fiya wata da biskit. Wata maƙwabciyata ma'aikaciyar jinya ta ce mini hakan na iya cutar da su, ga shi kuma jakunkunansu kullum cike suke da shara. Shin gaskiya ne, kuma me zan yi wanda ba zai fi ƙarfina ba? Daga Maman Khalifa, Anguwar Rogo, Jos.

AMSA: Wa alaikumus salam, Maman Khalifa. Allah ya saka miki da alheri bisa wannan ɗawainiya ta kullum, ya kuma raya mana su. Maƙwabciyarki ta faɗa miki gaskiya. Abin da ya fi damuna a cikin wasiƙarki shi ne haɗuwar zafi da maiƙo da roba a wuri ɗaya, domin zafi da mai su ne suke sa sinadaran da aka haɗa roba da su su riƙa fita suna shiga abinci. Farar robar tekawe mai kama da soso ba ta jure wa miya mai zafi, kuma duk wadda ta taɓa ganin yadda manja yake cin cikinta har ya bar gurbi ta san abin da nake nufi. Ita ce gwamnatin Jihar Legas ta haramta a watan Janairun 2024, musamman saboda yadda take toshe magudanan ruwa. Baƙar leda kuwa akasari daga tsofaffin robobin da aka sake narkarwa ake yin ta, ba a kuma yi ta don ta taɓa abinci ba. Takardar jarida ma kada ta zame miki madadi, saboda tawadarta tana bin mai ta manne a jikin ƙosai.

Idan dole sai kin yi amfani da roba, ki juya ƙasanta ki duba wata 'yar alama mai kusurwa uku da lamba a ciki. Mai lamba 5 ta fi jure zafi. Ki guji masu lamba 3 da 6 da 7, domin a cikin rukunin 7 ake samun masu ɗauke da sinadarin BPA, wanda Tarayyar Turai ta hana sa shi a fidar jarirai tun 2011. Robar da ta tsage, ta dushe, ko ta riƙe warin miya, ta gama aikinta.

Amma ni shawarata ita ce ki tara kuɗi ki sayi kular abinci wadda cikinta ƙarfe ne marar tsatsa, ko da ɗaya bayan ɗaya ne, ki fara da ƙaramin cikin yaran tunda jikinsa ya fi rauni. Muna yara, a langa mahaifiyarmu take zuba mana gwaten acha, ta ɗaure murfin da adiko ta yi masa ƙulli a sama yadda za mu rataya a hannu, mu dawo da ita wayam a wanke, kuma langar nan guda ta yi wa mu huɗu hidima. Kular yau ta fi ta da abu ɗaya mai muhimmanci, wato riƙe zafi. Hukumar Lafiya ta Duniya tana gargaɗin kada a bar dafaffen abinci a ajiye haka kawai fiye da awa biyu, kuma wanda za a ci da zafi ya kasance sama da digiri 60 a ma'aunin Celsius. Ki lissafa: kin sauke tukunya ƙarfe shida, yaro zai ci wajen ƙarfe goma, awa huɗu ke nan. Iyaye da yawa a nan Jos suna ɗauka sanyin garin yana kare abinci, alhali abin da yake yi shi ne saurin huce shi ya bar shi da ɗumi-ɗumi, ba zafi ba kuma ba sanyin firij ba, wanda a nan ne ƙwayoyin cuta suka fi hayayyafa, musamman a shinkafa. Saboda haka ki zuba tafasasshen ruwa a kular ki rufe na 'yan mintuna, ki zubar, sannan ki sa abincin yana tururi ki rufe nan take. Ranar da ba kula, ki ba su abin da ba ya saurin lalacewa, kamar dabino, ayaba, ko karas.

Akwai kuma gubar da ke shigowa tun daga kasuwa. Wasu 'yan kasuwa suna zuba wa wake maganin ƙwari don gudun ƙwaro, kuma yawan wani maganin ƙwari mai suna dichlorvos a cikin wake ne ya sa Tarayyar Turai ta dakatar da shigo da busasshen wake daga Nijeriya a 2015. Ki shinshina wake kafin ki auna. Idan kin ji warin fiya-fiya ki bar shi, domin wanki ba ya tabbatar da cewa ya fita duka. Gyaɗa kuma ki tsince wadda ta yi fumfuna, ta motse, ko take ɗaci, saboda tana iya ɗauke da gubar aflatoxin mai lahanta hanta, kuma suya ba ta kawar da ita. Alale ki dafa shi a ganye ko a ƙananan kofunan ƙarfe, ki daina ƙulla shi a leda.

Batun shara zai ragu da kansa idan kin yi waɗannan. Yara uku a kwana biyar ledar fiya wata goma sha biyar ce a mako daga gidanki kaɗai, kuma wanda ya tsaya a bakin kogin Dilimi bayan ruwan sama ya ga inda irinsu suke ƙarewa. Kowane yaro ya samu gorarsa da za a cika da dafaffen ruwa, a kuma riƙa wanke ta kullum har cikin murfi. Maimakon biskit, ga kabeji da kokwamba a kasuwar Farin Gada, an nomo su a nan Filato. Ki wanke sosai ki yanka musu a ƙaramin kwano mai murfi. Cokalin gida ki naɗe shi a tsabtataccen ƙyalle, wanda shi ne kuma abin goge hannu.

Ki ce wa yaran kada su zubar da abin da suka rage, su dawo da shi a kular. Ba don a sake ci ba, sai don ki ga wanda cokali uku yake bari kullum ki rage masa, da wanda ba ya taɓa kabeji ki sauya masa da karas. Ki kuma rubuta sunan kowa a jikin kula da murfinta da fentin farce, domin a aji ɗaya ana iya samun kula iri ɗaya har biyar.