Baƙon da ya ɓulla a tankin murjani da dare

Ka ce jiya bayan an kashe fitila ka ga wani abu mai kama da dodon koɗi marar kwanso yana bin gilashin tankin murjani, alhali ba mu muka saka shi ba, kana tambaya ko a murƙushe shi. Tsaya tukuna, ɗana. Irin waɗannan baƙi a ramukan dutsen teku ko a gindin sabon murjani suke shigowa, kuma da yawansu aiki suke mana kyauta.

Fara da kama shi da ransa. Ɗebi ruwan tankin a kofin gilashi, ka zura katin roba a ƙarƙashinsa a hankali, ka tura shi ciki. Haska tocila, ka dube shi ta sama da ta ƙasan kofin. Bayansa za ka fi zuba wa ido.

Idan ka ga ɗan kwanso shimfiɗaɗɗe kamar farce, wanda bai rufe jikin duka ba, kuma abin yana da sauri fiye da yadda ka saba ganin dodon koɗi, to Stomatella ne. Tsawonsa bai cika wuce santimita 2 ba. Gansakuka yake ci, yana kuma hayayyafa a tanki, don haka mayar da shi. In ka ga ya yar da ɓangaren jikinsa na baya yana motsi shi kaɗai, kada ka firgita, dabarar tsira ce irin ta ƙadangare da wutsiyarsa. Akwai kuma baƙi wuluk mai taushi, wanda in ka taɓa bayansa fatar ke darewa farin kwanso ya leƙo; wannan Scutus ne. Mai kwanso kamar malfa da ɗan rami a tsakar ka kuwa dangin Diodora ne. Waɗannan biyun galibi gansakuka da soson teku suke kankara, amma wasu kan taɓa murjani, saboda haka ka bi sawunsu kwana uku da jar tocila. In a kan dutse da gilashi suke kwana, ƙyale su.

Wanda ya kamata ya hana ka barci shi ne marar kwanso sam, mai ƙaho biyu a ka da geza a baya kamar bakin gyale. Irinsu tsirarun abubuwa suke ci, wani ma abu ɗaya tak, don haka inda ka same shi ya gaya maka abincinsa. Na kan Montipora, wani murjani mai tauri da kan yi faɗi kamar faranti, fari ne, ƙarami, milimita kaɗan. Juya farantin murjanin ka duba ƙasansa da gefe, za ka ga farin tabo inda naman ya tafi. Na kan zoa kuwa, wato murjani mai taushi mai ƙananan bakuna kamar furanni, launin abin da ya ci yake ɗauka, shi ya sa ake wuce shi. Alamarsa ita ce bakunan zoa sun ƙi buɗewa kwana da kwanaki. Cikin irin waɗannan marasa kwanso, Berghia ne kawai nake maraba da shi, don ƙaramar dabbar nan mai harbi mai kama da fure, Aiptasia, yake cinyewa.

In mai cin murjani ne, fitar da murjanin zuwa tankin keɓewa mai gishiri 1.025 a ma'aunin nauyin ruwa da zafi digiri 25 na Selsiyos, daidai da babban tanki. Tsoma shi a maganin wanke murjani gwargwadon awo da mintunan da aka rubuta a kwalbar, kana fesa masa ruwan da sirinji har ƙwarin su zubo, sannan ka ɗauraye a wani ruwan gishirin. A nan yawanci ake yin kuskure: maganin ba ya kashe ƙwai. Nemi fararen ɗigo ko zare mai naɗe kamar gammo, ka kankare da tsohon buroshin haƙori, ka yanke tsohon gindin da aka manna murjanin a kai ka yar. Maimaita tsomawar duk bayan kwana 5 har wata guda, don waɗanda suka ƙyanƙyashe su mutu kafin su yi nasu ƙwan.

Kuma zoa ba a taɓa shi hannu tsirara. Wasu suna ɗauke da dafi mai tsanani, ƙwaron da ya ci su ma yana iya ɗauka. Sa safar hannu da tabarau, kada ka zuba wa dutsensa tafasasshen ruwa, don tururin yana kai mutum asibiti.