Ganyen agabe yana laushi daga gindi, mene ne mafita?

Ɗan'uwa ka ce ganyen ƙasa na agabenka ya koma rawaya yana laushi, alhali kullum kana ba shi ruwa. To ai ruwan ne matsalar. Shukar nan ta agabe, mai kaurin ganye da ƙaya kamar alobera, asalinta Meziko ce, wurin fari, ruwanta a cikin ganye take ajiyewa, in ƙasa ta daɗe a jiƙe saiwa ruɓewa take.

Ka ciro shi daga tukunyar ka duba, duk saiwar da ta yi baƙi tana wari ka yanke, ka bar shi a inuwa kwana biyu ko uku yankan ya bushe, sannan ka dasa a ƙasa mai yashi da tsakuwa, tukunya mai huji a ƙasa. Ban ruwa kuma sai ka tura yatsa cikin ƙasar ka ji ta bushe ƙarau, da damina ma ka janye shi daga bakin indararo.

Don Allah kar ka ɗauka alobera ne ka shafa ruwansa a jiki, ƙaiƙayi yake sawa sosai, ƙayar bakin ganyen kuma ka datse saboda yara.

In tsakiyar ce ta ruɓe ko ka ga tsutsa a gindi, nuna wa malamin gona kafin ka zuba magani. 'Ya'yan da suka fito a gefe dai ka cire su ka dasa daban.