Shin Mayar da Allon Kwamfuta Baƙi Yana Rage Cin Wuta?

Tambaya: Ina da shagon buga takardu a Samaru, kusa da Jami'ar Ahmadu Bello, kuma kwamfutocina huɗu suna aiki ne da sola. Wani ɗalibi ya ce in mayar da launin allunan baƙi domin batir ya daɗe. Gaskiya ne, ko kuwa sababbin alluna zan saya?

Amsa: Malam, maganar ɗalibin tana da ƙamshin gaskiya, sai dai ta dogara ne da irin allon da ke kan teburinka. Mafi yawan allunan da ake samu a shagunan Sabon Gari da PZ a Zariya, sababbi da na hannu, nau'in LCD ne, kuma kowannensu yana da fitila a bayansa wadda take kunne muddin allon yana aiki. Idan aka nuna baƙi, ba a kashe fitilar ba, tare haskenta kawai aka yi, tamkar wanda ya saki labule ya bar ƙwan lantarki a kunne cikin ɗaki. Saboda haka baƙi da fari kusan wuta ɗaya suke ci a wannan nau'i. Kada kuma sunan LED da masu shago ke ambata ya ruɗe ka, domin LCD ɗin ne dai, fitilar bayansa ce aka sauya.

Allon OLED ne ke amfana da baƙi, domin kowane ɗigo a cikinsa shi yake samar da haskensa, kuma ɗigon da ya zama baƙi a kashe yake. Ko a nan ma akwai sharaɗi. Binciken da Jami'ar Purdue ta Amurka ta yi a 2021 kan wayoyi masu OLED ya nuna cewa baƙin launi ya rage cin wuta da kashi 3 zuwa 9 cikin ɗari ne kawai idan haske yana matsakaici, amma ragin ya kai kashi 39 zuwa 47 idan an ƙure hasken. A ganina, sayen allon OLED mai tsada domin wannan ragi asarar kuɗi ce ga mai shago, balle ma aikinka na farar takarda ne daga safe har dare.

Abin da zai taimaki batirinka shi ne rage ƙarfin haske ta maɓallan da ke jikin allon, domin fitilar ce ke cin kaso mafi tsoka na wutar. Ka kawar da teburan daga bakin ƙofa inda rana ke dukan gilashi, ka kuma saita kwamfutocin su kashe allo bayan minti 5 idan ba a taɓa su ba.

Idan har yanzu akwai tsohon allo mai ƙeya irin na talabijin ɗin da a shagon, shi ya kamata ka fara sauyawa, domin yakan ja wat 70 ko fiye, alhali LCD mai inci 22 ba kasafai yake wuce wat 30 ba.