Neman gurbin digirin digirgir a ilimin halayyar ɗan Adam a Legas

Malama, kin ce kin gama digiri na biyu, kina zaune a Agege, kina son sanin inda za ki fara. Jami'ar Legas da ke Akoka da Jami'ar Jihar Legas da ke Ojo duk suna da sashen wannan fanni.

Kafin ki sayi fom, duba makinki na digiri na biyu. Da dama daga cikin jami'o'inmu suna neman 4.0 cikin 5.0, ko kashi 60 cikin 100. Wanda bai kai ba, sau da yawa sai ya bi ta MPhil tukuna, wato digirin bincike da ke tsakanin digiri na biyu da na digirgir. Ki tanadi takardar bautar ƙasa, ki kuma nemi tsohuwar jami'arki ta tura sakamakonki tun yanzu, don wannan ne ke cin watanni.

Amma abin da ya fi nauyi shi ne malamin da zai duba aikinki. Ko takardunki sun cika, in babu mai ƙwarewa a batunki da ke da sarari, ba za ki samu shiga ba. Karanta abin da malaman sashen suka wallafa, sannan ki je da taƙaitaccen tsarin bincike: matsala ɗaya, mutanen da za ki bincika, da yadda za ki auna. "Damuwa a Najeriya" ya yi faɗi. Damuwa tsakanin 'yan dako a kasuwar Mile 12 kuwa batu ne, kuma Hausarki za ta buɗe miki ƙofa a can.

Ki sabunta lissafin ƙididdiga, za a tambaye ki a ganawa. Karatun ba ya gaza shekara 3.