Fatawa: Na Gyara Gidan Haya da Kaina, Zan Bayar da Shi Hayar da Za Ta Ƙare da Mallaka

TAMBAYA

Assalamu alaikum Malam, Allah ya ƙara lafiya. Ina da wani tsohon gida a Kaduna, ɗaki uku da falo, da na zuba 'yan haya. Da suka tashi sai na tarar ya lalace. Da yake na taɓa aikin gini, ni na gyara abina: na canja kwanon da ya ci tsatsa, na yi filasta, na sa tayil, na shafa fenti. Akwai wata tsaga a bangon baya da na cike da suminti, ko da yake na san daga tushe ta taso. Wayar wuta ma ni na ja, alhali ba sana'ata ba ce. Yanzu wani ma'aikaci yana son gidan amma ba shi da kuɗi a dunƙule. Mun shirya zai riƙa ba ni naira 150,000 duk wata har shekara 8, da ya cika gida ya zama nasa ba sai an sake wani ciniki ba. Hayar irinsa a unguwar ba ta wuce naira 50,000 a wata. Sharaɗina shi ne duk gyaran da ya taso a kansa yake, in kuma ya yi wata uku bai biya ba ya tashi, abin da ya bayar ya zama kuɗin haya. Ya halatta?

AMSA

Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Godiya ta tabbata ga Allah, tsira da aminci su tabbata ga Manzonsa.

Gyaran da ka yi da hannunka halal ne, ɗan'uwa, kuma ba laifi ka lissafa wahalarka da kayan da ka saya a cikin farashi. Amma yarjejeniyar da ka zayyana ba ta inganta ba a haka, sai an yi mata gyara.

Mu fara da tsagar bango da wayar wuta, don su ne masu sauƙi. Wajibi ne ka faɗa masa. Muslim ya ruwaito daga Abu Huraira cewa Annabi, sallallahu alaihi wa sallam, ya wuce wani mai sayar da hatsi, ya cusa hannunsa cikin tarin, yatsunsa suka taɓo danshi. Mutumin ya ce ruwan sama ne ya dake shi. Sai Annabi ya ce masa me ya hana ka sa jiƙaƙƙen a sama mutane su gani, wanda ya yi algus ba ya tare da ni. Fentin da ya rufe tsagar da ka san daga tushe take ya shiga wannan hukunci. Ka kai mutumin bayan gidan, ka ɗora hannunsa a wurin, ka ce masa nan ya tsage na cike, kuma ina zaton zai iya dawowa bayan damina. Ita kuwa wayar wuta, magana ce ta rayukan iyalinsa. Ka kira mai aikin lantarki wanda ya san aikinsa ya duba kafin kowa ya kwana a ciki, ka biya daga aljihunka.

Sai ita kanta yarjejeniyar. Malaman zamani suna kiranta ijara muntahiya bit-tamlik, wato hayar da ke ƙarewa da mallaka, kuma an daɗe ana tattauna ta. Majalisar Manyan Malamai ta Saudiyya ta hana ta da rinjayen mambobinta a shekarar 1420 bayan hijira. Majalisar Fiƙihu ta Ƙungiyar Ƙasashen Musulmi kuma, a zamanta na 12 a Riyad cikin Satumbar 2000, ta rarrabe a ƙudurinta mai lamba 110: wasu surorin wannan yarjejeniya haram, wasu halal. Wannan rarrabewa ita na fi natsuwa da ita. Amma ka lura, surar da ka kawo, wato hayar da za ta juye ta zama ciniki da kanta ba tare da an ƙulla sabon ciniki ba, ita ce ta farko a cikin waɗanda ƙudurin ya lissafa a haramtattu. Ke nan duka majalisun biyu sun haɗu a kan hana taka.

Dalili shi ne haya da ciniki kowanne da hukuncinsa, kuma hukunce-hukuncen suna karo da juna a kan abu guda a lokaci guda. A haya, gida naka ne, in ya rushe asararka ce, kuɗin haya kuma ya tsaya. A ciniki, gida na mai saye ne tun ranar da aka ƙulla, in ya rushe asararsa ce, kai kuma kana bin sa bashin abin da ya rage. To a tsawon shekara takwas ɗin nan, gidan na wane ne? In iskar farkon damina ta yaye kwano, ka ce masa ai gidanka ne, gyara. In ya gaza biya wata uku, ka ce masa ai ɗan haya ne kai, tattara kayanka. Ka riƙe moriyar mai gida ka sauke nauyinta a kansa, kura da shan bugu gardi da karɓar kuɗi. Shari'a ba ta yarda da haka ba, saboda hadisin Nana A'isha da Abu Dawud da Tirmizi suka ruwaito, "al-kharaju bid-daman", wato wanda ke cin amfanin abu shi ke ɗaukar asararsa.

Wani ɗalibi zai iya cewa ai a mazhabarmu ta Malikiyya an halatta haɗa ciniki da ijara a ƙulli ɗaya. Haka ne, amma abin da suke nufi shi ne kamar ka sayi yadi a wurin tela kuma ka ɗauke shi ya ɗinka maka, ko ka sayi gida ka kuma hayi shagon mai gidan a kuɗi ɗaya. A can an san abin da aka mallaka da lokacin da aka mallake shi. A nan kuwa cinikin a rataye yake da wani abu da ba a san zai faru ko ba zai faru ba nan da shekara takwas, wannan kuma garari ne, wato ciniki a kan abin da ba a da tabbacinsa.

Ka duba lissafin da idonka. A ce ya biya shekara 5 cif, sannan aka sallame shi daga aiki. Ya ba ka naira miliyan 9. Hayar da aka saba ta wannan tsawon miliyan 3 ce. Miliyan 6 ɗin da ta rage a bakin me ka ci ta? Bai ba ka ita don zama ba, ya ba ka ne don yana sa ran mallaka, ga shi mallakar ba ta samu ba, gidan kuma ya dawo hannunka har da gyare-gyaren da ya yi. Allah yana cewa a aya ta 29 ta Suratun Nisa'i kada ku ci dukiyoyinku a tsakaninku da ɓarna. Wannan sharaɗi shi ne mafi muni a takardarka, ko da shi ya ce ya yarda, domin mai neman wurin sa iyalinsa ba abin da ba zai sa wa hannu ba.

Mafita biyu ce, ka zaɓi ɗaya ka tsaya a kanta.

Wadda na fi so maka ita ce ka sayar masa kai tsaye a kan biyan kaɗan-kaɗan. Ku yanke farashi ɗaya, misali naira miliyan 14 da dubu 400 a cikin wata 96. Ba laifi kuɗin ajali ya fi kuɗin hannu, muddin an tsaya a kan farashi guda kafin a rabu. Gida ya zama nasa daga ranar, gyara ya koma kansa da hujja, kai kuma ka shardanta gidan ya zama jingina har ya gama biya, ko ka nemi wanda zai tsaya masa. In ya kasa, a sayar da gidan da yardarsa ko da umarnin alƙali, ka ɗauki abin da kake bi, a miƙa masa sauran. Majalisar Fiƙihun nan tun a zamanta na Kuwait a 1988 ta ce wannan hanya ta fi. Sai dai ka sani, da an yanke farashi ya zama bashi, ba a ƙara masa ko kobo saboda jinkiri, domin wannan ƙarin shi ne kuɗin ruwa. Ba kuma za ka dawo bayan shekara uku ka ce naira ta faɗi a sake lissafi ba. Ka yi tunanin hakan tun kafin ka faɗi kuɗi.

In kuwa hankalinka bai kwanta da sakin mallaka tun yanzu ba, to ka yi haya ta gaskiya. Takardar haya daban, da kuɗinta da wa'adinta. A wata takarda ta daban ka rubuta alkawari daga ɓangarenka cewa in ya cika wa'adi za ka sayar masa a kan kaza, ko za ka ba shi kyauta. Ranar da wa'adi ya cika sai ku zauna ku ƙulla cinikin sabo. Alkawarin kuma ba wasa ba ne. Abin da ya shahara a Malikiyya shi ne wanda ya yi alkawari har wani ya shiga ɗawainiya saboda shi, alƙali zai tilasta masa cikawa. Don haka ba dama ka ga unguwa ta yi daraja ka ce ka fasa.

A wannan tsari, babban gyara naka ne har ƙarshen haya: rufi, bango, tushe, shadda in ta rufta, da waccan tsagar in ta dawo. Nasa shi ne ƙananan abubuwan da zama ke cinyewa, irin ƙwan fitila da kan famfo, da duk abin da ya lalata da ganganci ko sakaci. Shehu Khalil a Mukhtasar, littafinsa na fiƙihun Malikiyya, ya halatta a shardanta wa ɗan haya ya yi gyara daga cikin kuɗin hayar da ya riga ya hau kansa, bai halatta a ce ya yi daga aljihunsa ba, saboda ba a san nawa gyaran zai ci ba, sai kuɗin haya ya zama abin da ba a sani ba. Saboda haka in kana nesa, ka iya wakilta shi ya kira magini, ya kawo maka rasit ka cire daga haya.

Game da rarar naira 100,000 da yake ɗorawa duk wata, ma'aunin shari'a na hukumar AAOIFI da ke Bahrain, mai tsara ƙa'idoji ga cibiyoyin kuɗi na Musulunci, ya ce in gida ya halaka ko haya ta yanke ba da laifin ɗan haya ba, a koma ga hayar da aka saba a mayar masa da rarar. Ni ina ganin ka faɗaɗa wannan tun a rubuce: naira 50,000 haya, naira 100,000 ajiya ta kuɗin gida, in ciniki bai tabbata ba ka mayar masa bayan ka cire asarar da ta tabbata ya jawo maka. In kuma ƙunci ne ya same shi, aya ta 280 ta Suratul Baƙara ta ce a saurara wa mai ƙunci har ya samu sauƙi.

Ko wacce ka zaɓa, ku rubuta, ku kafa shaidu biyu adalai kamar yadda ayar bashi ta umarta, ku rubuta har da abin da za a yi in ɗayanku ya rasu, don magada su san inda aka tsaya. Ka kuma kai takardun wurin lauya, domin Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ta shardanta amincewar gwamna kafin a mayar da takardar mallakar filin birni ko a jinginar da ita, ku fayyace tun yanzu wanda zai biya kuɗin wannan aiki.

Wallahu a'alam.